Kaka a Bakin Teku

Mu ba ma zuwa teku da rani.
Da rani muna gaban tanda a Beja,
muna gasa wa masu hutu burodi.
Sai Oktoba, in baƙi sun watse,
kuɗin haya ya faɗi warwas,
sannan Baba ke manna takarda a ƙofar shago:
mun rufe, sai wani mako.

Mu tara a mota biyu.
Ni da Baba, da Graciete mai cikin wata bakwai,
da mijinta da ba ya amsa gaisuwa sai ya sha kofi,
Telmo abokina tun muna 'yan firamare,
matarsa, tagwayensu,
sai kaka Idalina a kujerar gaba,
ta rungume tukunyar wake kamar jika.

Odeceixe ta tarbe mu da tagogi a kulle.
Mai askirim ya kife kujerunsa,
an naɗe laimomi an jingine a bango,
rairayi shimfiɗe, ba sawun kowa,
sai takalmin wani yaro, wari ɗaya.
Can bisa dutse akwai sheƙar shamuwa,
mai ita ba ta nan, iska ke kwana ciki.

Tun a hanya Telmo yake cika baki,
wai shi da ruwan sanyi tare suka girma.
Ya tuɓe riga, ya daki ƙirji, ya ruga.
Ruwa ya kai gwiwa.
Ihunsa ya riga shi isowa tudu.
Tagwaye suka yi dariya har ɗaya ya ƙware.
Ya rantse ƙaguwa ce ta cije shi.
Mun duba ƙafar. Ko ƙwarzane babu.

Sai sama ta ɓarke, kwana biyu cur.
Muka maƙale a kicin muna karta,
Baba na maguɗi, kowa na gani, ba mai magana.
Aka yi cacar baki kan wanda ya bar gilashin mota a buɗe.
Graciete ta yi kuka, ba ta san dalili ba,
ta share ido ta ce a miƙo mata gishiri.
Maƙwabciya ta aiko da dankalin Aljezur, sabon haƙa,
muka binne shi a garwashi
har ɓawo ya tsage, zaƙi ya tsatso,
muna busa yatsu muna ci,
teku na can waje yana faɗa da duwatsu.

Ran Alhamis gari ya waye tangaran.
Hasken ya yi laushi, ba ya cizo.
Shekara goma sha ɗaya kaka ba ta taɓa ruwan nan ba,
tun da aka binne Custódio.
Takan zauna nesa, bargo a cinya,
ta ce ita ta zo gadin jakunkuna ne.
Ran nan ta tashi ba ta nemi hannun kowa ba.
Ta ce, "Riƙe mini takalmi.
Kakanka a hagu yake riƙewa."

Na riƙe a hagu.

Ta taka a hankali inda kogi ke shiga teku,
baƙin siket a tattare cikin dunƙulen hannu,
ƙwauri fari fat, jijiyoyi shuɗɗa.
Igiya ta farko ta rufe idon sawu.
Ta biyu ta fi ƙarfi, ba ta ja baya ba.
Baba ya juya yana neman wani abu a aljihu.
Mun yi tsit, har tagwaye.

Ta daɗe.
Sannan ta waiwayo, haɓa na rawa, ta ɗaga murya:
"Telmo! Ina ƙaguwar taka?"

Lahadi muka koma, tukunya wayam,
mota na warin jiƙaƙƙen tawul da hayaƙi.
Kaka ta yi barci tun kafin Odemira,
baki a buɗe, ƙafa ba safa.

Yau ƙarfe huɗu na asuba, ina murza ƙullu,
sanyin Nuwamba na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa.
Na sa hannu a aljihu neman ashana,
na fito da yashi.